Haƙorin ɗalibinmu ya fita da saiwarsa, me ya kamata mu yi tun a filin makaranta?

Tambaya: Likita, ni shugabar wata makarantar firamare ce. A makon jiya wani ɗalibinmu ɗan shekara 8 ya faɗi suna langa, ya buga baki a bakin dakali, haƙorinsa na gaba na sama ya fita ɗungurungum. Malamin ajinsu ya wanke haƙorin da sabulu da buroshi, ya naɗe shi a takarda, muka tsayar da jinin, muka jira mahaifinsa. Sai washegari suka je asibiti, aka ce musu an makara. Shin da gaske ana mayar da haƙorin da ya fita? Sannan wane ciwon haƙori ne ake tashi cikin dare a tafi asibiti saboda shi, wanne ne zai iya jiran safiya?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. E, da gaske ne. Haƙorin da ya fita da saiwarsa ana mayar da shi raminsa ya kama, mutum ya ci gaba da yagar nama da shi shekara da shekaru. Sai dai rabon wannan haƙori yana hannun wanda ke tsaye kusa da yaron a 'yan mintocin farko, tun kafin a kai ga likita. Abubuwa ukun da aka yi kuwa, gogewa da buroshi, naɗewa a takarda, da jiran gobe, kowannensu ya rage masa rabo. Ban faɗi haka don a ga laifin malamin ba. Kowa aka ba shi abin da ya faɗi a turɓaya, abin da hankalinsa zai ba shi ke nan: ya wanke tas, ya adana a busasshen wuri. Haƙori ne kawai ba ya son haka.

Ga dalili. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn nama mai zare-zare, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ne ke riƙe da haƙorin, kuma shi ke sa ki ji ɗan tsakuwa a cikin shinkafa tun kafin ki tauna shi. Idan haƙori ya fita, wannan naman yakan yage gida biyu, rabi ya zauna a cikin ramin, rabi ya biyo saiwar. Wannan ɗan santsi-santsin da ake gani a jikin saiwar a ɗauka datti ne, ƙwayoyin halitta ne masu rai, kuma su ne za su sake ɗinke haƙorin da ƙashi. Buroshi na kankare su, sabulu na kashe su, bushewa ma haka. Idan haƙorin ya yi minti 30 a bushe, da yawansu sun tafi. Idan ya kai awa ɗaya, a ɗauka ba sauran mai rai. To in aka mayar da shi a haka, ƙashi zai manne da saiwar kai tsaye, jiki ya riƙa cinye ta sannu a hankali yana maye gurbinta da ƙashi, har wata rana kan haƙorin ya karye ya faɗo. A yaro mai tasowa ma abin ya fi fitowa fili, domin sauran haƙoran suna bin girman fuska suna saukowa, shi kuwa yana nan daskare a inda yake, sai a ga ya zama guntu a tsakanin 'yan'uwansa.

Saboda haka idan haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a nemo haƙorin nan take. A kama shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani idan mutum ya yi murmushi, kada yatsa ya taɓa saiwar. In ya kwashi ƙasa, a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti. In babu ko ɗaya, a zuba masa ruwa mai tsafta na kamar daƙiƙa 10, ba cuɗawa, ba gogewa da tsumma. Sai a dubi ɗan'uwansa na kusa don a san inda gaba take: gefen da ya ɗan yi tudu shi ke kallon leɓe, mai ɗan kwarmi shi ke kallon harshe. A saka saiwar cikin ramin, a tura a hankali da yatsa har tsayinsa ya yi daidai da na kusa da shi. A ninke hankici mai tsafta yaron ya cije a kai, a kama hanyar asibiti.

Na san abin da za ki ce: wa zai iya? Malamin da ya iya cire ƙaya a ƙafar yaro zai iya wannan. A mintocin farko wurin a dashe yake saboda bugun, zafin mayarwar bai kai yadda ake tsoro ba, kuma ko an ɗan karkace, mu za mu daidaita. Haƙorin da aka mayar a karkace cikin minti biyar ya fi wanda likita ya saka sambal bayan awa uku. Inda ba a mayarwa a nan take shi ne idan yaron ba ya cikin hayyacinsa, ko yana da ciwon zuciya mai tsanani, ko wata cuta da ta raunana garkuwar jikinsa, ko ramin ya farfashe haƙorin ya ƙi shiga. Kada a yi dole.

In ba za a iya mayarwa ba, abin da ya rage shi ne kada haƙorin ya bushe, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure na biyu, su jefa shi a kofin ruwa. Ruwa zalla ba shi da gishirin da ke cikin jiki, sai ƙwayoyin nan su sha shi su kumbura su fashe. Gara shi da a bar haƙorin ya bushe dai, amma shi ne zaɓin ƙarshe. Madara ta fi, ta kwali ko ta gari da aka dama da ruwa mai tsafta, mai sanyi in da hali, ba sukari. Ban da nono, ban da kindirmo, ban da yogot, domin tsaminsu na kashe abin da ake son a raya. Akwai kuma abin da kusan kowane gida da kowane kemis ke da shi: garin ORS, wanda ake dama wa yaro mai gudawa. A shekarar 2020 kwamitin ƙasa da ƙasa da ke tsara ƙa'idojin taimakon gaggawa ya sanya ruwan ORS cikin abubuwan da suka dace da ajiye irin wannan haƙori, haka ma naɗe shi a siririyar ledar nan da ake rufe abinci da ita don ya riƙe danshinsa. In duk babu, yaron ya tofa yawunsa a ƙaramin mazubi a saka haƙorin a ciki. Babba mai hankali zai iya ajiye shi a cikin kuncinsa, amma ba na ba da wannan shawara ga yaro mai kuka, haɗiyewa zai yi.

Ba na mance wani saurayi da ya kawo min ƙanensa, sun faɗi a babur. Ya shigo riƙe da ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka ɗaure da kyauro, ga madara fari fat a ciki, haƙora biyu suna kwance a ƙasa. Na tambaye shi ina ya samo wannan dabara, ya ce wani ma'aikacin lafiya ne da ke shan shayi a bakin titin ya daka masa tsawa, mai shayin kuma ya dama madarar. Cikin minti 40 suka iso. Haƙoran nan biyu sun kama.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci a wurinki, tunda makarantarku akwai ƙanana. Haƙorin nono ba a mayar da shi. Haƙorin dindindin yana kwance a ƙarƙashinsa cikin ƙashi yana ginuwa, in aka cusa na nonon ana iya raunata shi ya fito da tabo ko a murɗe. Yaro yana da haƙoran nono 20, kuma famfara kan fara ne wajen shekara 6, da na gaba na ƙasa, sannan na gaba na sama su biyo baya wajen shekara 7 zuwa 8. Don haka yaron da bai kai shekara 6 ba, haƙorinsa na gaba kusan tabbas na nono ne. Na dindindin ya fi girma da faɗi, ya ɗan fi ɗorawa-ɗorawa, saiwarsa doguwa ce, sabon fitowa kuma bakinsa na da 'yan tudu uku kamar zarto. In an yi kokwanto, a bar mayarwa, a saka a madara, likita ya duba.

Da an iso wurinmu, mukan ɗauki hoto, mu daidaita haƙorin, mu ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya mai ɗan lanƙwasa har mako biyu. Mukan tambayi rigakafin tetanus tunda haƙorin ya taɓa ƙasa, mu ba da magani, mu ce a ci abinci mai laushi, kunu, fate, tuwo mai taushi, a guji rake da ƙashi da ƙwallo. Idan saiwar ta gama ginuwa, ana cire jijiyar cikin haƙorin a cike gurbinta cikin mako biyun nan, domin jijiyar ta riga ta tsinke kuma in ta ruɓe ita ma cin saiwar za ta yi. A yaro kamar naku, wanda bakin saiwarsa bai rufe ba tukuna, mukan jira mu gani, don wani lokaci jini kan sake ratsawa jijiyar ta farfaɗo. Mafi yawan wannan ilimi ya fito ne daga aikin wani likita ɗan ƙasar Denmak, Jens Andreasen, wanda ya shafe shekaru da dama a Kofanhegan yana bibiyar haƙoran da aka mayar, ya rasu a 2020. Kuma ko an makara, a kawo haƙorin. Sau da yawa mukan mayar da shi duk da mun san ba zai dawwama ba, saboda yana riƙe wa yaro ƙashin wurin da siffar bakinsa na wasu shekaru.

Amma kafin a sunkuya neman haƙori, a dubi yaron kansa. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko yana magana a ruɗe, ko barci na fizgarsa, ko jini ko wani ruwa na fita ta kunne ko hanci, maganar kai ce, a nufi sashen gaggawa, haƙorin ya biyo baya a cikin madara. In ya cije haƙoransa ba su haɗu yadda suka saba ba, ko leɓen ƙasa ya mutu ba ya jin taɓi, ko an ga jerin haƙoran ya yi hawa biyu kamar matakala, muƙamuƙi ne ya karye. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, domin in ƙashin ya haɗe a karkace, mutum da tauna daidai sai an sake karya shi a tiyata. In kuma an nemi haƙorin an rasa, kada a ce ya ɓace a yashi. Yana iya lumewa cikin dasashi, ko ɓallinsa ya shige cikin leɓe, ko yaron ya shaƙe shi zuwa huhu, musamman in ya fara tari. Hoto ne ke raba gardama.

Haƙorin da ya ɓalle ba tare da ya fita ba, maganarsa gajeriya ce. A tsinci ɓallin a saka a madara, ana iya manna shi. In an ga ɗigon ja ko jini a tsakiyar inda ya karye, jijiya ce ta bayyana, a je a ranar. In ɗan baki ne kawai ya gutsure, zai kai gobe ko jibi. Wanda ya goce ko yake girgiɗi, kada a riƙa wasa da shi da harshe ko yatsa, shi ma a ranar. A ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma a kan leɓe don kumburi.

Yanzu tambayarki ta biyu, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau, domin a nan ake rasa rai. Ciwon da ya fi zafi ba shi ne ya fi haɗari ba. Wanda ke birgima yana kuka saboda zogin haƙori, fuskarsa ba kumburi, zai iya kaiwa safiya. Wanda ke zaune shiru, ƙasan haɓarsa ya kumbura, yana kasa haɗiye yawu, shi ne ba zai jira ba ko da ƙarfe biyun dare ne.

Abin da ke faruwa shi ne, idan kogo ya ci haƙori ya kai jijiya, jijiyar ta mutu ta ruɓe, mugunya kan taru a ƙarshen saiwa ta nemi hanyar fita. In ta yi sa'a ta ɓullo ta dasashi, sai a ga ɗan ƙurji yana tsiyaya. In ba ta yi ba, sai ta bi tsakanin tsokoki. Turamen ƙasa na can ciki, na biyu da na uku, saiwoyinsu sun gangara ƙasa da tsokar da ta shimfiɗe ƙasan baki, don haka mugunyarsu wuya take nufa. Ƙasan haɓa ya kumbura hagu da dama, ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago sama ya koma baya, ya fara toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa muke kiransa, kuma kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi. Har gobe yana kisa, mafi yawa saboda jinkiri. Alamominsa su ne kumburin da ke gangarowa wuya, baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su kasa shiga tsakanin haƙora, yawu na dalala, murya ta sauya kamar mai magana da dankali mai zafi a baki, zazzaɓi da rawar ɗari, mutum ya kasa kwanciya rigingine. Na haƙoran sama kuwa ido yake nufa, fatar ido ta kumbura har ta rufe, daga nan kuma yana iya bin jijiyoyin jini zuwa cikin kai. Mai ciwon sukari, da mai ciki, da mai sikila, da tsoho, nasu ya fi saurin yaɗuwa. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, babban asibiti za a kai shi a zaune, inda ake da masu tiyatar fuska da muƙamuƙi, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, ko asibiti mafi kusa da zai iya tura shi can.

Kusan duk wanda na gani a wannan hali, labarin hanyarsa ɗaya ne. An fara da cewa hangum ne. An gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, an shafa man zafi, wanda ba abin da yake yi sai ƙara janyo kumburin waje. An sha kafso kala biyu daga kemis kwana uku an daina. Wani har an kai shi an yi masa sakiya. Sannan ga maganar da ta zauna a zukatan mutane cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya sace. Wannan magana ta jawo asara mai yawa. Haƙorin shi ne tushen mugunyar, kuma maganinta shi ne a buɗe mata hanya ta fita, a cire haƙorin ko a wanke cikinsa. Kafso taimako yake yi, ba ya isa shi kaɗai, domin jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori balle ya kai magani can. Haka nan cewa cire haƙorin sama na makantar da mutum ba gaskiya ba ne, jijiyar gani daban take da ta haƙori. Barinsa ya ruɓe shi ne ke kai ciwo ido. Mai ciki ma ana cire mata haƙori in ta kama, allurar kashe zafin da muke yi ba ta cutar da ɗan tayi.

Wani tarkon shi ne lafawar ciwo. Mutum ya yi kwana huɗu ba barci, rana ta biyar ya tashi garau, ya ce maganin wane ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta gama mutuwa. Bayan makonni ko watanni sai kumburi ya biyo.

Shi kuwa zogin dare, wanda ke bugawa kamar ana kaɗa ganga a cikin kunne, jijiyar ce ta kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa, tunda bangonsa haƙori ne. Da an kwanta jini ya ƙaru a kai, matsin ya ƙaru, shi ya sa ya fi tashi bayan an kashe fitila. A ɗaga kai da matashi biyu ko uku. A kurkure baki da ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin cokalin shayi na gishiri a kofi guda. A fitar da abincin da ya maƙale a kogon da buroshi ko zare, ban da allura ko tsinken ashana. Babba mai lafiya ya sha farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, ya haɗa da aibufurofen miligiram 400 duk awa 8 bayan ya ci abinci. Haɗa waɗannan biyun ya fi kowannensu shi kaɗai aiki a ciwon haƙori, kuma ba a bukatar taramol. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da mai asmar da irin wannan magani ke tayar masa, su tsaya ga farasitamol. Kada a haɗa aibufurofen da daikulofenak, gida ɗaya suke, ciki da ƙoda ne ke biyan bashin. A kula da haɗin da ake ƙullowa a leda a kemis, domin sau da yawa akwai farasitamol a ciki, mutum ya ninka bai sani ba, hanta ta sha wuya. Yara da nauyinsu ake auna musu, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.

Abin da ake cusawa a kogon haƙori kuwa, na ga iri-iri: ruwan batir, fetur, man birki, garin taba, kanwa, dakakkiyar ƙwayar asfirin. Gobe sai a zo min da dasashi da cikin kunci sun yi fari sun saluɓe, ga ciwon haƙorin yana nan, an ƙara masa ƙuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda zan yarda da shi cikin na gida shi ne kanumfari, domin man da ke cikinsa yana dasar da jijiya da gaske, mu ma muna da shi a cikin wasu kayan cikonmu. A ɗiga kaɗan a auduga a ɗora a kogon kawai, in ya yi yawa shi ma yana ƙona dasashi. Masu turara hayaƙi su nuna miki tsutsa a ruwa su ce daga haƙori ta fito, ki riƙe kuɗinki. Tun 1728 likitan Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da zancen tsutsar haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da haƙori. Duk wannan kuma dabarar kwana ɗaya ce, da safe a je a duba.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori, mafi yawansa kurkura da tofe-tofe ne ke jawo shi. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon. A ninke bandeji ko hankici mai tsafta ya yi kauri, a ɗan jiƙa shi, a ɗora a kan ramin daidai, a cije da ƙarfi minti 30 cur, a zaune, ba leƙawa, ba magana. Jiƙaƙƙen ƙullin ganyen shayi ma yana taimakawa. Awa 24 na farko ba kurkura, ba tsotsa da tsinken lemo, ba sigari ko shisha, ba abu mai zafi. Yawu mai ja-ja ba abin tsoro ba ne. In an cije sau biyu baki na ci gaba da cika da jini, ko mutumin na shan maganin tsinka jini, ko a danginsu akwai masu jinin da ba ya tsayawa, a koma asibiti a daren. In kuma bayan kwana biyu zuwa huɗu zogi mai tsanani ya dawo da wari, murfin ne ya fita ƙashi ya bayyana, wankewa da ɗan magani a ramin ke kwantar da shi.

Abu biyu a gurguje. Wanda ya yi hamma bakinsa ya ƙi rufuwa, muƙamuƙi ne ya goce, kada a mare shi ko a danna haɓar da ƙarfi, a asibiti cikin 'yan mintoci ake mayarwa. Dattijon da muƙamuƙinsa na ƙasa ke ciwo idan ya yi tafiya ko ya hau bene, tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciyarsa za a duba da gaggawa.

Tunda kina tare da iyaye mata kullum, ki sa ido a kan ƙannen ɗalibanki. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, in dasashinsa ya fara jini, bakinsa na wari mai tsanani, kuncinsa ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar. Haka cutar noma, wadda ake kira zaizayar baki, take farawa, kuma cikin 'yan kwanaki take huda kunci. A matakin farko magani da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan.

A akwatin taimakon gaggawa na makaranta ki ƙara fakitin ORS biyu ko uku, ƙaramar madarar gari, ruwan roba wanda ba a buɗe ba, ƙaramin mazubi mai murfi, bandeji da safar hannu. Ki nemi lambar wayar asibitin haƙori mafi kusa tun yanzu ki manna a bangon ofis, kuma ki samu yardar iyaye tun farkon zango cewa in irin haka ta faru za a wuce da yaro asibiti a kira su a hanya.

Shi kuma yaronku, ki gaya wa mahaifinsa kada ya bar giɓin haka nan da sunan zai girma a gyara. Haƙoran gefe za su karkato su cinye wurin cikin 'yan watanni. A yi masa ɗan haƙorin roba mai riƙe gurbi, ana sauya shi yayin da yake girma, domin dashen haƙori mai saiwar ƙarfe a ƙashi sai fuska ta gama girma, wajen shekara 18 ko sama. Sannan a mayar da shi a duba haƙoran da ke kusa da wanda ya fita, su ma sun sha bugun. In ɗayansu ya fara sauya launi ya yi toka-toka, ko ƙurji ya ɓullo a dasashin da ke samansa, ko da bayan shekara ne, a kai shi a ɗauki hoto.